Kwarin da Khalfan Ya Tsare

Duk direban da ya taɓa shiga jan rairayin Lahbab, can bayan garin Dubai, da baƙi 'yan yawon buɗe ido a mota ya san Kwarin Khalfan, ko da bai san Khalfan ɗin ba. Kwari ne mai faɗi a gindin wani babban tudu, ta gefen gabas, irin wanda direba ke gani yawunsa ya tsinke, don ya san in ya gangara da mota a kaikaice baƙi za su yi ta ihu har muryarsu ta dushe. Amma shekara ashirin da shida babu tayar da ta taka shi. In sabon direba ya tambayi dalili sai a ce ya je ya tambayi tsohon. In ya tambayi tsohon kuwa, amsar ta danganta da yadda ya tashi ranar. Wata rana ya ce rairayin wurin ruɓaɓɓe ne, ya taɓa haɗiye motar soja har tutarta. Wata rana ya ce macizai ne. Ran da ya gaji da tambaya sai ya ce, "Ni ne a gaba ko kai?" Daga nan maganar ta mutu.

Ƙarya yake yi, kuma bai ma iya ta ba. Kabarin mahaifiyarsa yake tsarewa.

Khalfan bin Dahi a tantin gashin akuya aka haife shi, tun ba a shimfiɗa kwalta tsakanin Dubai da duwatsu ba. Mahaifinsa ya bi kamfanin mai zuwa Dammam kamar sauran mazan lokacin, yakan shekara biyu bai leƙo ba. Tantin ya zama na uwa da 'ya'yanta biyu, Afra babba da Khalfan, sai awaki da raƙuma guda. Ba su da komai, amma matar nan ta ɗauki baƙo tamkar salla ta shida. Da hantsi da la'asar sai ta zauna ta daka gahawa a turmin tagulla, tana buga taɓarya a bakin turmin da gangan don ƙarar ta kai nesa, duk mai wucewa da raƙumi ya san akwai gida a nan. Ran da rana ta faɗi ba wanda ya biyo, abinci ba ya shigar mata. Takan ture kwanon ta ce, "Yau gidan nan bai ga albarka ba." Khalfan kam a lokacin haushin baƙi yake ji, don duk wanda ya sauka, dabinon da ke rabonsa ne ke tafiya.

Zazzaɓi ya ɗauke ta a tsakiyar zafi, yana ɗan shekara tara. Babu namiji a gidan. Wasu matafiya uku da suka sauka shan gahawa su suka haƙa kabarin, suka yi mata salla, suka kafa itace ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, suka hau raƙumansu. Yaron ya tsaya ya duba wurin da kyau don kada ya manta: a gindin babban jan tudu, ta inda rana ke fitowa. Bayan mako biyu kawunsu ya zo ya kwashe su. Daga nan sai gidajen siminti da gwamnati ta gina wa mutanen rairayi, sai famfo da lantarki, sai soja, inda ya yi shekara goma sha takwas yana tuƙa manyan motoci. Ya yi aure, ya haifi Suhail, mutane suka koma kiransa Bu Suhail, wato baban Suhail.

Wata Juma'a bayan ya bar soja ya ce bari ya je ya yi mata addu'a. Ya gane tudun tun daga nesa. Yana isa kansa sai ya ga jerin motoci takwas suna gangarowa cikin kwarin ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na tashi, turawa na ihu ta taga. Ya ji kamar a kan ƙirjinsa suke bi.

Wani zai ce me ya hana shi kai ƙara a kewaye wurin. Wanda zai faɗi haka ba namu ba ne. A wajenmu namiji ba ya ɗauko zancen mahaifiyarsa a gaban mazan da ba danginsa ba, balle sunanta, balle ya ɗauki ma'aikacin gwamnati da takarda a hannu ya nuna masa inda take kwance. Khalfan ya yi kwana uku yana juya abin. A na huɗu ya je kamfanin da ya fi kowa motoci a wurin ya ce yana neman aikin direba. Manajan ya ɗauka zolaya ce, don ɗan ƙasa motocin yake mallaka, ba tuƙa su yake yi ba. Wata uku bai cika ba aka ba shi motar gaba, saboda ya san rairayi yadda ba wanda ya san shi a cikinsu. Ya zana hanyarsa ta kewaye kwarin. Sauran kamfanoni suka ga wanda ya bi sawun Khalfan ba ya kafewa, suka bi.

Dangi ba su ji daɗi ba. Afra, wadda aure ya kai Al Ain, ta aiko masa da saƙo cewa ta ji ɗan Dahi ya zama direban masu gajeren wando, Allah ya ƙara ɗaukaka. Shi kuma da taurin kai irin na gidansu bai gaya mata dalili ba.

Haka rayuwarsa ta miƙe. Ƙarfe uku ya kwashi baƙi a otal, ƙarfe huɗu suna bakin rairayi ana sace iskar taya. Sauran direbobi da ma'auni suke yi, shi kuwa da tsinke da kunne, ya danna tayar da babban yatsa ya ce ta isa, kuma ta isa ɗin. Daga nan ya shiga gaba da doguwar tutarsa a bayan mota, motoci goma sha ɗaya na binsa. Ta biyu kullum ta Gul Zaman ce, wani ƙaton mutumin Bannu ta Pakistan mai jan gemu, wanda ya shekara ashirin yana shan ƙurar Khalfan, bakinsa kuma bai taɓa hutawa a oba-oba ba.

"Bu Suhail, tuƙi kake yi ko jan carbi? Baƙina sun fara gyangyaɗi."

"Khan, ka bi sawuna ka rufe mana baki. Jiya wa aka jawo da igiya?"

"Motar ce ta gaji."

"Motar ce mai tumbin?"

In rana ta kusa faɗuwa sai ya tsayar da su a bayan babban tudun, ta yamma, a wani fili mai ƙasa tauri. Shi ya zaɓi wurin tun makonsa na farko a motar gaba, don taya ba ta nutsewa, don kuma tudun ya shiga tsakanin motoci da kwarin. Baƙi su watsu suna ɗaukar hoto. Shi kuwa ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa kusa da tayar gaba, ya fito da butar gahawa da dabino, duk wanda ya matso ya zuba masa ɗan kaɗan a gindin finjali yadda aka saba. Wannan rabin sa'ar ita ce mafi daɗin yininsa. Hankalinsa yakan kwanta a wurin, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Sansanin cin abinci ne bai taɓa shiga ransa ba. Darduma da matasai a kan rairayi, janareta na ruri a baya, ana gasa nama ana yi wa mata lalle, ana ɗora wa mutane shaho a hannu don hoto, sannan wata yarinya ta fito ta yi rawar da ake gaya wa baƙi ta gargajiyarmu ce, alhali ko kakarsa ba ta taɓa ganin irinta ba. Yakan ɗauki farantinsa ya koma mota ya ci shi kaɗai.

Ido ne ya kayar da shi. Yanar ido ta fara sauko masa a hankali, har ya zama da la'asar ba ya bambanta kan tudu da ramin da ke bayansa. Ya shekara guda yana tuƙi da abin da ya haddace. Da lokacin sabunta lasisin rairayi ya yi, likita ya haska masa ido sau ɗaya ya girgiza kai. Kamfani ya ce ya ƙarasa watan, daga nan Gul Zaman ne a gaba.

"Wallahi ranar farko kwarin nan zan fara shiga," in ji Gul Zaman yana dariya a wurin sace iska. "In ga motar sojan da ka ce, ko in samu taya mai kyau."

Khalfan ya yi yaƙe. Sau uku a makon nan ya ja Gul Zaman gefe don ya gaya masa gaskiya, sau ukun kuma maganar ta ƙare a kan farashin batir da ciwon gwiwa. Harshensa ya ƙi. Shekara ashirin da shida na tsaro za su tafi a yini ɗaya, kuma ba shi da wanda zai bar wa amanar. Da ya rasa yadda zai yi sai ya kama hanyar Al Ain.

Ya tarar da Afra a tsakar gida tana tsince shinkafa, da burƙarta mai ruwan zinariya a fuska irin ta tsofaffinmu. Mijinta ya rasu, jikoki sun cika gida, bakin nan dai yana nan yadda yake.

"Yau direban turawa ne a gidanmu? An kore ka ne?"

"An kusa." Ya zauna, ya sha gahawa finjali uku, ya girgiza na ukun. Sannan ya ce, idonsa a ƙasa, "Yaya, wurin Ummi nake tsarewa. Shi ya kai ni aikin nan. Motoci na gani suna bi ta kanta."

Ta ajiye tiren shinkafar.

"Shekara ashirin da shida ina zaginka a banza, ka zuba ido ina kwasar zunubi? Allah ya shirye ka, Khalfan. Kai ni."

"Yaya, mata ba sa zuwa kabari."

"Wa ya ce maka kabari za ni? Yawon buɗe ido za ni, kamar masu gajeren wando."

Ranarsa ta ƙarshe ya roƙi a bar masa motarsa ba baƙo, sai ita. Ta zauna a gaba da sandarta tsakanin gwiwoyi. Gul Zaman ya zo ya rusuna ya gaishe ta daga nesa, ya ce da Khalfan a hankali, "Bu Suhail, yau ka bi sannu, Hajiya ce a mota." Khalfan ya bi sannu a tudu biyu na farko. A na uku ta juyo ta dube shi.

"Wannan ne abin da suke baro ƙasarsu su zo yi? Raƙumar Ummi ta fi wannan wujijjiga mutum. Taka mota, yaro."

Ya taka. Rairayi ya tashi ya rufe gilashi, motar ta kwanta a gefe ta zame ta miƙe, ihun baƙi na fitowa ta oba-oba daga motocin baya, tsohuwa kuwa ko kujera ba ta riƙe ba. Ya ji tana dariya ƙasa-ƙasa a bayan burƙa, irin dariyar da rabonsa da ji tun suna bin awaki. Da suka iso saman babban tudun ya rage gudu, ya nuna mata kwarin da haɓa. Yana nan sumul, ko sawun ƙadangare ana gani. Ta dube shi, ta dubi hagu da dama, ta ce, "Tuƙa." Ko Fatiha ba ta karanta ba. Abin ya sosa masa rai, amma ya haɗiye.

A filin da suka saba tsayawa baƙi suka fito, kowa ya fuskanci yamma da wayarsa a sama. Khalfan ya shimfiɗa tabarma ya fito da buta. Afra ita kaɗai ta juya wa rana baya. Can gefe akwai wasu tsofaffin itatuwan gaf guda biyu, a bayansu kuma daga nesa wani tsauni mai giɓi a ka. Ta dogara sandarta ta nufi itatuwan, ta zagaya gindinsu tana tona ƙasa da sanda. Sannan ta juyo tana tahowa a hankali, leɓɓanta na motsi, duk taku goma sai ta waiwaya ta daidaita giɓin tsaunin a tsakanin itatuwan biyu. Ba ta tsaya ba sai da yatsun ƙafarta suka taɓa bakin tabarmarsa.

"Khalfan, tashi ka ɗauke tabarmar nan."

"Me ya faru, Yaya?"

"Nan take."

Ya dube ta bai fahimta ba. "A gindin tudu take, ta gabas. Da idona na gani."

"Da idon ɗan shekara tara. Ranar a gabas da tudun take, gaskiya ne. Tudun ne ya tashi, ya bi ta kanta ya wuce, ya bar ta a baya. Ba kai ne kake gaya wa turawa rairayi na tafiya ba? Itace ba ya tafiya, dutse ma haka. Rijiyarmu a gindin itatuwan can take. Kwana bakwai ina ɗebo ruwa ina yayyafa mata, taku casa'in da huɗu, giɓin dutsen a bayana. Ƙafata ta gajarta, amma ba ta manta ba."

Gaskiya ta faɗa, kullum yana gaya wa baƙi haka. Ya san ƙananan tuddai da ke sauya wuri cikin mako guda in iskar arewa ta taso. Amma wannan babban bai taɓa ɗaukarsa rairayi ba, alamar uwarsa ce, kuma bai taɓa kawo wa ransa cewa alama za ta tashi ba. Ya dubi tabarmar, ya dubi tayar motarsa, ya dubi sauran motoci goma sha ɗaya jere a inda shi da kansa ya nuna musu su riƙa tsayawa. Ya ja da baya ya durƙusa a rairayi, hawaye na bin gemunsa, tsoho ɗan shekara sittin da ɗaya a gaban baƙi.

"Ni na kawo su, Yaya. Rairayi na banza nake gadi, ita kuma ni da hannuna na kawo mata motoci. A kanta nake zama."

Afra ta janye tabarmar gefe da sandarta, ta zauna da ƙyar. Ta ɗauki butar ta zuba wa kanta.

"Ba da sani ka yi ba, Allah ya gani. Share fuskarka." Ta kurɓa, ta dubi mutanen da ke watse a filin, dogaye da gajeru, farare da baƙaƙe, wata yarinya na gangarowa daga tudu tana ƙyalƙyala dariya. "Ka manta wace ce uwarka? Shamsa ce fa, matar da ba ta iya cin abinci in rana ta faɗi ba baƙo. Aka kwashe mu aka bar ta ita kaɗai a dajin nan, ba mai wucewa. Sai ga ka kana kawo mata baƙi kullum da yamma, mota goma sha biyu, kana zuba musu gahawa a ƙofarta. Ni me na kawo mata?"

Ta sa hannu ta gyara burƙarta.

Gul Zaman ya hango su ya taho da sauri. "Bu Suhail, lafiya? Jikin ne?"

Khalfan ya ɗago. Maganar da ta ƙi fita sau uku ta fito da kanta. "Khan, a matsar da motocin nan. Mahaifiyata ce kwance a nan."

Gul Zaman bai tambayi komai ba. Ya cire takalmansa, ya ɗaga hannu ya yi addu'a da harshensu, ya shafa. Sannan ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya, ba ta oba-oba ba, baki da baki, motocin suka ja baya taku hamsin. Ya dawo da duwatsu biyu da ya tsinto a gindin itatuwan ya miƙa wa Khalfan, Afra ta nuna inda kai yake da inda ƙafa take.

A sansani ranar, bayan magariba, Khalfan bai koma mota da farantinsa ba. Ya zauna a darduma tsakanin yayarsa da wasu tsofaffin mata da miji da ba ya jin ko kalma ɗaya ta harshensu, yana tura musu nama gabansu. Afra ta ci luƙaimat uku, irin ƙosan fulawar nan mai zaƙi, ta ce an cika musu mai, ta kuma kira mai zuba gahawa ta yi masa faɗa don ya cika mata finjali har baki, ta tambaye shi ko korarta yake yi. Da mai rawa ta fito ta kalle ta tsaf ta ce, "Wannan 'yar ba ta jin sanyi ne?" Khalfan ya yi dariya har ya sarƙe.

An yi masa aikin ido bayan wata biyu, amma lasisin bai dawo ba, shi ma bai nema ba. Kwarin kuma har yau ba mai shiga. Gul Zaman ya ce shekara ashirin ana tsorata shi da wurin, yanzu ko an ce masa babu komai ƙafarsa ba za ta taka mai ba, kuma shi ne yake gaya wa sababbin direbobi labarin motar sojan, har ya ƙara mata soja huɗu a ciki.

Kullum ƙarfe huɗu Gul Zaman yakan tsaya a bakin rairayi ya ɗauki Khalfan a kujerar gaba. Afra ta aiko masa da turmin tagullar, ashe yana ajiye a ƙasan akwatinta tun ranar da kawu ya kwashe su. Da sun isa filin sai ya shimfiɗa tabarma taku kaɗan daga duwatsun biyu, ya daka gahawa yana buga taɓarya a bakin turmin, ƙarar ta ratsa rairayi, baƙi su bar hoto su taho. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu yakan tambaya ta bakin direba, ko wannan gahawar ta kamfani ce.

"A'a," in ji Khalfan yana miƙa finjali. "Ta uwar gida ce."